Ikwalaiza ta waje da ta jikin tebur: yaya kuke haɗa su a lokacin haɗa sauti?

Sani_Miksa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe suna haɗa sauti a kan teburin analog. Teburin da nake aiki da shi yana da layuka 24, kowane layi kuma yana da ikwalaizarsa (na'urar ƙara ko rage ƙarfin wani zangon sauti) mai zango huɗu da matacin da ke yanke ƙasan sauti. Ban da shi, ina da ikwalaiza biyu na waje: ɗaya mai layi guda ce da aka ƙera a kan tsarin tsohuwar ikwalaizar nan mai suna Pultec, ɗayar kuma mai layi biyu ce wadda ake zaɓar mata zango da faɗi yadda ake so. Abin da nake son sani shi ne, idan na sa ta waje a kan layi, shin kashe ta teburin ya kamata in yi, ko kuwa a bar su su yi aiki tare? Idan tare ne, wacce ce za ta zo farko? Sannan tunda na'urorin ba su da yawa, a kan me ya fi dacewa a yi amfani da su: murya, ganga, ko babban layin fita da ke ɗauke da waƙar gaba ɗaya?

Injiniya_Kabiru:
Wa alaikumus salam, Malam Sani. Ni dai ba na kashe ta tebur sai da dalili, domin aikinsu ba ɗaya ba ne. Ta tebur ita nake ba wa aikin shara: in yanke abin da ke ƙasa da 80 Hz a murya, in rage cunkoson da yakan taru tsakanin 200 da 400 Hz, in kuma nemi duk wani ƙaran da ɗaki ko makirfo ya ƙara in sassauta shi. Bayan haka ne siginar za ta fita zuwa ta waje, wadda nake amfani da ita wajen ƙara abin da nake so a ji. Dalilin wannan jeri a fili yake. Idan ka fara ɗaga ƙasan sauti da faɗi kafin ka cire dattin da ke wurin, to dattin ka ɗaga tare da abin kirkin, kuma ka cinye sararin da na'urar take da shi kafin sauti ya fara karyewa. Saboda haka abu na farko da za ka bincika shi ne inda mahaɗar insat (ramin da sigina ke fita ta cikinsa zuwa na'urar waje ta dawo) take a layin teburinka, wato ko kafin ikwalaizar layin take ko bayanta.

Sani_Miksa:
Na gode, Injiniya. Na duba zanen da ke littafin teburin, insat ɗin tana zuwa ne kafin ikwalaizar layi, kuma babu maɓallin da zai matsar da ita. Ke nan jerin da ka bayyana ba zai yiwu a wurina ba?

Injiniya_Kabiru:
Haka yawancin matsakaitan tebura suke. Manyan tebura irin su SSL 4000 ne ke ba mutum zaɓin sa insat kafin ikwalaiza ko bayanta da maɓalli guda. Amma akwai hanya. Kana iya tura layin zuwa wani rukuni, ka sa ta wajen a insat ɗin rukunin, ta yadda siginar za ta bi ta ikwalaizar layi tukuna kafin ta iso gare ta.

Tsohon_Tef:
Ina son in ɗan gyara maganar Injiniya Kabiru, da girmamawa. Idan na'urori biyun duka suna aiki a cikin iyakarsu, babu wadda aka matsa wa har ta fara karya sauti, to jerin ba ya canza sakamakon sosai, domin ragi na desibel 3 a nan da ƙari na desibel 3 a can haɗuwa suke yi ko da wanne aka fara. Inda jeri yake zama babban al'amari shi ne idan akwai kwamfuresa (na'urar da ke danne sauti idan ya yi ƙarfi) a tsakani, ko kuma idan ta wajen tana da taransifoma da kwalaben lantarki waɗanda halinsu ke sauyawa gwargwadon ƙarfin abin da aka tura musu. Taransifoma musamman ƙasan sauti mai nauyi ne ke fara cika ta. Don haka matacin yanke ƙasa kaɗai nake damuwa da ya zo da wuri, kuma a wasu tebura matacin yana gaban insat ko da sauran ikwalaizar tana bayanta. Malam Sani, ka sake duba zanen, ka ga inda matacin yake shi kaɗai.

Injiniya_Kabiru:
Na yarda da gyaran, Baba. Sai dai ta Malam Sani mai tsarin Pultec tana cikin waɗanda ka ware ɗin, shi ya sa na nace a kan jerin.

Rabi_Sauti:
Tunda an ambaci Pultec, bari in yi bayanin abin da ya sa take yin abin da ta tebur ba ta iyawa, domin nan ne amsar tambayar Malam Sani ta uku take. Kamfanin Pulse Techniques da ke jihar New Jersey a Amurka ne ya fito da tsarin a farkon shekarun 1950. Sashen da ke tace sautin ba ya amfani da wuta ko kaɗan, koyil ne da kafasita da resista kawai, don haka rage ƙarfin sigina yake yi, sai amfilifaya mai kwalba da ke bayansa ta mayar da ƙarfin da aka rasa. A samfurin EQP-1A, ƙasan sauti yana da zaɓi huɗu, wato 20, 30, 60 da 100 Hz, kuma akwai mamurɗi biyu daban, ɗaya na ƙari ɗaya na ragi. Mutum zai zaci idan ya murɗa su tare za su kashe juna, amma lanƙwasarsu ba iri ɗaya ba ce: ragin yana kaiwa sama fiye da inda ƙarin ya tsaya. Abin da ke fitowa shi ne ƙasa mai kauri, tare da ɗan rami a ɗaruruwan haz da ke samansa, daidai inda cunkoso yake zama. Wannan ne ya sa ake son ta a kan gangar ƙafa da gitar bes. A saman sauti kuma tana ƙari daga 3 har zuwa 16 kHz da faɗin da za ka zaɓa, kuma ƙarin da take yi a 10 ko 12 kHz a kan murya yana da laushin da ban cika samu a ikwalaizar matsakaicin tebur ba. Tunda taka mai layi guda ce, ba za ta hau babban layin fita ba, don haka zaɓinka yana tsakanin babbar murya da gangar ƙafa. Ni muryar zan ba wa, domin ita mai sauraro yake bi daga farko har ƙarshe.

Dan_Waya88:
Malama Rabi, ni kuma gangar zan ba wa. Ikwalaizar tebur tana iya buɗe saman murya gwargwado, amma dabarar ƙari da ragi a wuri guda ba ta da madadi a layin tebur, sai dai mutum ya kashe zango biyu yana kwaikwayonta.

Rabi_Sauti:
Ba lallai ne ya zaɓi ɗaya ba, ɗan'uwa. Yana iya bi da gangar ta cikin na'urar, ya sake naɗe ta a wani layi na tef ko na kwamfuta, sannan ya saki na'urar ta koma kan murya a lokacin haɗawa. Sharaɗin kawai shi ne ya yi wannan naɗin yana sauraron waƙar gaba ɗaya, ba gangar ita kaɗai ba, kuma ya ajiye ainihin layin bai goge ba.

Mai_Gyara_Nuhu:
Ana ta maganar launin sauti, amma ni da nake gyaran waɗannan kaya, yawancin ƙorafin da ke zuwa mini a kan na'urar waje ba laifin na'urar ba ne, laifin haɗi ne. Malam Sani, ka fara tabbatar da irin insat ɗin teburinka. A ƙananan tebura da matsakaita, rami ɗaya ne mai ɗaukar jak mai kai uku, inda tsinin ke fitar da sigina, zoben ke dawo da ita, kuma ba ta da balans, wato tsarin haɗin da ke kore hayaniyar da waya ta kwaso. Akwai teburan da suka juya wannan tsari, don haka littafin za ka bi. Irin wannan haɗi yana son gajeriyar waya, domin duk tsawon da ka ƙara, ƙugin wuta da hayaniya kake gayyata. Manyan tebura kuwa suna da rami biyu masu balans, ɗaya na fita ɗaya na dawowa.

Sai maganar ƙarfi. Kayan situdiyo na ƙwararru suna aiki a kan +4 dBu, wato kimanin volt 1.23, ƙananan kaya kuma a kan -10 dBV, wato kimanin volt 0.316, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta kusa desibel 12. Wasu tebura ma da gangan suke sa insat ta yi ƙasa da +4 domin su bar wa layin sarari. Idan ka tura ƙaramar sigina cikin na'urar da ke jiran babba, za ka ji hucinta ya fito. Idan kuma ta dawo maka da babba cikin ramin da ke jiran ƙarama, layin zai fara karyewa tun feda, wato abin ja da ke ƙara ko rage ƙarfin layi, tana ƙasa. Hanyar da za ka gane ita ce ka tura sautin gwaji na 1 kHz, ka daidaita shi a kan sifili a mitar layin, ka sa na'urar ba tare da ka taɓa komai a jikinta ba, ka ga ko allurar ta motsa.

Abu na ƙarshe da ya shafi na'ura mai taransifoma a bakin fita: idan za ka shigar da ita ramin da ba shi da balans, dole ƙafa ta 3 ta filogin XLR (filogin sauti mai ƙafa uku) ta haɗu da wayar ƙasa. Idan aka bar ta a sake, sautin zai dawo siriri babu ƙasan sauti, mutum ya yi ta zargin na'urar. Wannan doka ba ta hau kan kowace na'ura ba, domin wasu masu balans na lantarki ba sa son a haɗa ƙafar da ƙasa.

Sani_Miksa:
Malam Nuhu, Allah ya saka da alheri. Insat ɗina irin mai rami ɗaya ce. Akwai kuma ɗan ƙugi da nake ji da zarar na haɗa mai layi biyun, ko da ban kunna mata kowane zango ba. Wani ya ba ni shawarar in cire ƙafar ƙasa ta filogin wutarta.

Mai_Gyara_Nuhu:
Kada ka yi haka ko da wasa. Wannan ƙafar ita ce ke kare ranka idan wuta ta zubo jikin ƙarfen na'urar. Ƙugin da kake ji mai yiwuwa zagayen ƙasa ne, wato tebur da na'urar sun haɗu ta wayar wuta sun kuma haɗu ta garkuwar wayar sauti, sai ƙaramar wuta ta riƙa zagayawa tana shigo da 50 ko 60 Hz gwargwadon wutar da ake amfani da ita. Ka fara ciyar da su duka daga soket guda. Idan bai tafi ba, ka sa taransifomar raba layi a tsakaninsu. A haɗi mai balans ana iya cire garkuwar waya a gefe ɗaya, amma a naka marar balans garkuwar ita ce hanyar dawowar sigina, don haka a yi hattara.

Zainab_Makirfo:
Ni ina da wata tambaya da ta ɗan kauce. Maimakon insat, me zai hana a raba siginar gida biyu, ɗaya ta tafi yadda take, ɗaya ta bi ta ikwalaizar waje ta dawo a wani layi, sai a gauraya su da feda? Na ga ana yin haka da kwamfuresa.

Tsohon_Tef:
Ana yi, 'yata, amma ki san abin da kike saye. Kowace ikwalaizar analog tana karkatar da lokacin igiyar sauti a kewayen zangon da ta taɓa, wannan ɗabi'arta ce, ba aibi ba ne. Idan sigina ɗaya ce ke tafiya, kunne ba ya damuwa da hakan sosai. Da zarar kin haɗa ta da 'yar'uwarta da ba a taɓa ba, to abin da zai fito ba shi ne abin da ke rubuce a fuskar na'urar ba, musamman idan kin yi amfani da mataci mai kaifi ko ragi mai zurfi. Ƙari mai faɗi da laushi shi ya fi jure wannan hanya. Sannan ki duba fuskar sigina. An daɗe ba a daidaita kan wace ƙafa ce mai ɗauke da sigina a filogin XLR ba, har sai da ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES ta tsayar da ƙafa ta 2, kuma akwai tsofaffin na'urori da aka ƙera da ƙafa ta 3. Irin wannan idan ta dawo a juye kika haɗa ta da ta asali, maimakon ƙari sai ki ji sautin yana zubewa. Maɓallin juya fuska da ke kan layin tebur zai nuna miki nan take. Wannan maganar ta shafi ganguna ma ko ba a raba sigina ba, domin makirfo da yawa ne ke jin ganga guda, kuma idan kin taɓa ɗaya da ƙarfi, dangantakarsa da sauran ta canza.

Dan_Waya88:
Ƙari a kan maganar Baba: idan duk hanyar analog ce, babu jinkirin da za a damu da shi. Amma idan siginar ta fita daga kwamfuta ta koma cikinta, na'urar juya sauti tana kawo jinkiri, kuma dole a auna shi a gyara kafin a gauraya.

Bashir_Feda:
Ni ina da ra'ayin da ya saɓa wa yawancinku, kuma da gaske nake faɗinsa. Ina ganin ana ba na'urar waje girman da ya wuce nata. Mu tuna cewa da yawa daga cikin waɗanda ake nema a yau a matsayin na waje, asalinsu layukan tebur ne. Neve 1073 an yi ta ne a 1970 domin ta zauna a cikin tebur, kuma saman sautinta a tsaye yake a 12 kHz, tsakiyarta zaɓi shida ne kawai daga 360 Hz zuwa 7.2 kHz. API 550A ita ma a jikin tebur ta fara, tana tafiya mataki-mataki a desibel 2, 4, 6, 9 da 12. Injiniyoyin da suka yi aiki da su ba su da zaɓi mai yawa, amma sun san abin da ke hannunsu ciki da waje. Wanda bai gama sanin ikwalaizar teburinsa ba, ƙara masa akwati ba zai gyara masa kunne ba. Sannan kowace fita da dawowa tana ƙara waya, jak, da matakan lantarki a hanyar sigina, kuma kowannensu yana da abin da yake ci.

Rabi_Sauti:
Malam Bashir, gaskiya ne asalinsu ke nan, amma misalin naka yana goyon bayan ɗaya ɓangaren ma. An ciro su daga tebur an sa a akwati ne saboda ba kowane tebur ke da irinsu ba. A 550A faɗin zango yana tsukewa ne gwargwadon yadda ka ƙara, don haka desibel 2 yana da faɗi da laushi, desibel 12 kuma yana da tsini, kuma wannan hali ne da aka gina a cikinta. Teburin da aka ƙera domin ya ba da layuka 24 a kan kuɗi mai sauƙi ba zai iya sa koyil da taransifoma a kowane layi ba. Inda na yarda da kai ɗari bisa ɗari shi ne cewa yawancin layukan waƙa ba sa buƙatar komai sai ta tebur.

Bashir_Feda:
To a gwada da adalci, shi ne roƙona. Duk abin da ya fi ƙarfi ko da da rabin desibel ne, kunne yakan ce ya fi daɗi, kuma ƙari a ikwalaiza ƙarin ƙarfi ne. A daidaita ƙarfin biyun tukuna, a sa wani ya riƙa sauyawa ba tare da mai sauraro ya san wanne ke kunne ba. Idan ta wajen ta ci a haka, na sallama.

Mai_Gyara_Nuhu:
A wannan gwajin akwai abin lura. Maɓallin kashewa da ke jikin Pultec sashen tacewa kawai yake cirewa, siginar tana nan tana bi ta taransifoma da kwalabe. Wanda ke son jin bambanci na gaskiya sai ya cire ta daga insat ɗin gaba ɗaya. Waɗanda aka ƙera a kan tsarinta ba duka suka bi wannan ba, sai an duba.

Injiniya_Kabiru:
Bari in dawo da mu kan mai layi biyun, domin ba a ce komai a kan inda za ta zauna ba. Irin wannan tsari da ake zaɓar zango da faɗi da yawan ƙari kowanne daban, George Massenburg ne ya gabatar da shi a taron AES a 1972, kuma amfaninsa shi ne kai wa ga wuri ƙanƙani ba tare da an taɓa maƙwabtansa ba. Idan ikwalaizar teburinka ba ta da mamurɗin faɗi, Malam Sani, to wannan na'urar ita ce za ta cire maka ƙaran da ya maƙale a gita ko fiyano. A kan babban layin fita kuwa ina da sharaɗi biyu. Na farko, ɓangaren hagu da na dama su daidaita, domin idan mamurɗanta ba masu mataki ba ne, lamba ɗaya a fuska ba ta nufin ƙari ɗaya a ciki, kuma ƙaramin bambanci yana iya jan murya daga tsakiya. Ka gwada da sautin gwaji a zangon da ka taɓa, ka dubi mitocin biyu. Na biyu, ka sa ta tun farkon aiki ka haɗa waƙar ta cikinta, kuma kada ka wuce desibel 1 ko 2. Idan ka ga kana buƙatar 5 a babban layi, matsalar tana can cikin layuka.

Tsohon_Tef:
Ni ba na son ikwalaiza a babban layi idan za a kai waƙar wurin mai gyaran ƙarshe. Shi yana da ɗaki da lasifikan da suka fi dacewa da wannan hukunci. Gara a sa ta a rukunin ganguna ko na 'yan amshi.

Zainab_Makirfo:
Akwai kuma abin da ba a taɓo ba, wato dawowa kan aiki bayan kwanaki idan mai waƙa ya nemi gyara. Ko teburan SSL masu tsarin tuna matsayin mamurɗai, abin da ke jikin tebur kawai suke tunawa, su nuna a allo mutum ya mayar da hannu, ba su san komai game da akwatin da ke gefe ba. Saboda haka nake rubuta matsayin kowane mamurɗi a takarda, in ɗauki hoton fuskar na'urar daga gaba sosai domin kada kusurwa ta ruɗe ni, in kuma rubuta wace waya ta shiga wane rami. Wannan ma wani dalili ne na sake naɗe layin da ya bi ta na'urar waje kamar yadda Malama Rabi ta ce.

Dan_Waya88:
Malam Sani, idan za ka riƙa matsar da na'urorin daga layi zuwa layi, ka fito da insat ɗinka kan allon haɗa wayoyi, fita a jerin sama, dawowa a jerin ƙasa, a haɗe ta ciki yadda sigina za ta wuce da kanta idan ba a soka komai ba. Ramukan bayan tebur ba a yi su domin sokawa da cirewa kullum ba. Sai dai tunda naka marar balans ne, allon ya zauna kusa da teburin.

Sani_Miksa:
Na sake duba zanen kamar yadda Baba ya ce, kuma matacin yanke ƙasa yana gaban insat, sauran zangunan huɗu ne ke bayanta. Zan fara da gwajin 1 kHz da maganar soket kafin komai. A kan mai layi biyun har yanzu ban yanke ba tsakanin rukunin ganguna da babban layi. Malam Nuhu, idan na sa taransifomar raba layi saboda ƙugin, shin a hanyar fita zan sa ta, ko a ta dawowa, ko kuwa sai an sa a duka biyun?

Mai_Gyara_Nuhu:
Ya danganta da inda garkuwar ta haɗa su. Ka cire wayar dawowa daga bayan na'urar ka bar wayar fita a haɗe, sannan ka yi akasin haka, kana sauraron babban layin teburin a kowane hali, domin layin da aka katse insat ɗinsa shiru zai yi. Ka kuma faɗa mini ko bakin shiga da na fita na na'urar masu taransifoma ne ko na lantarki, domin idan da taransifoma a gefe ɗaya tun asali, to ɗaya gefen kawai za mu duba.